Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga dattawan kwamitin raya unguwarmu: kafin a zuba kuɗin nan a gota, a sake auna lissafin

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba Alhaji shugaba, Malam Liman, Hajiya Magajiya da sauran iyayenmu na kwamiti, barkanku da ƙoƙari, ya hidima da jama'a, Allah ya saka da alheri ya ƙara girma. Ni ɗanku ne, a gabanku na tashi, wasunku ma sun sha aikena sayo koko da ƙosai a bakin titi tun ina yawo da gajeren wando, saboda haka ku san ba raini ne ya sa na zauna ina buga wannan ba. Ina magana ne a madadin samari da 'yan matan da kuka tura gida-gida da fom a lungunan Nima da Mamobi a nan Akra, mu da muka sha rana muka tsallaka kwatami muka tattaro bayanan da aka gina rahoton nan na gudawar yara a kai. Wasunmu ƙididdiga muka karanta a jami'a, wasu nas ne, wasu kuma ba su yi nisa a boko ba amma sun fi mu sanin kowane gida da wanda ke cikinsa.

Mun so mu faɗi wannan a zaman da aka yi bayan la'asar, aka ce lokaci ya ƙure, yara su bari tukuna. Mun kawo takarda ofis, har yau shiru. Shi ya sa muka fito da ita fili, kuma mun san abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma wannan maganar ba ta hangen nesa bace, ta lissafi ce, kuma ku kuka biya mana kuɗin makaranta don mu koyo shi.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, an samu tallafi don rage gudawa a tsakanin ƙananan yaran unguwa. Kuka ɗauko masani daga waje, muka tattaro masa bayanai, ya dawo da rahoto ya haska a bango, ya ce lissafi ya nuna kusanci da gota ne ke kawo ciwon, aka ce masha Allah, aka yanke hukuncin duk kuɗin ya tafi wajen yashe gota da rufe ta. Zancen ruwan sha kuwa layi ɗaya tak ya samu a rahoton, wai an duba ba a ga komai ba.

To mu ba mu ce gota ba ta da laifi ba. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi a Akra daren 3 ga Yunin 2015, ambaliya ga gobarar gidan mai a Circle, mutum sama da 150 suka rasu, ba zai taɓa cewa a ƙyale magudanan ruwa ba. Amma kuɗin nan ba na ambaliya bane, na gudawar yara ne, kuma tambayar ita ce ta yaya aka zaɓi wannan bayani aka jefar da ɗayan.

Abin da muke kira model ba wani abin tsoro bane, labari ne da aka rubuta da lissafi. Labari na ɗaya ya ce yaro na gudawa ne saboda gidansu na bakin gota. Na biyu ya ce a'a, daga ruwan sha ne, inda ake ɗebo shi da yadda yake kwana da kwanaki a galan Kufuor (jarkar roba) da durom in famfo ya ɗauke. Akwai ma na uku, na bayan gidan haya da rashin wajen wanke hannu. Duk ukun suna iya zama gaskiya a lokaci guda, amma ba lallai nauyinsu ya zo ɗaya ba, kuma kuɗin da ke hannunku ba zai ishi duka ba, shi ya sa yadda aka yi zaɓin yake da muhimmanci haka.

Kukanmu na farko kenan, ma'aunin da aka yi zaɓin da shi. Masanin ya nuna muku wata lamba da ake kira R², mai auna yadda model ya dace da bayanan da aka tattaro, ya ce ta model ɗin gota ta fi girma don haka shi ne daidai. Abin da bai faɗa ba, model ɗin gotan an loda masa kaya har jerin ya cika shafi, yawan ɗakuna, irin rufin kwano, ko akwai talabijin, shekarun maigida, sana'ar uwa, shi kuwa na ruwa abu biyu ko uku aka ba shi aka sake shi. Duk wanda ya yi shekara ɗaya a ajin ƙididdiga ya san lambar nan ba ta taɓa sauka in ka ƙara abu, ko launin ƙofar gida ka ƙara, ko ka ƙara ƙungiyar ƙwallon da maigidan ke goyon baya Hearts ce ko Kotoko, sai dai ta hau ko ta tsaya inda take. Kamar tela ne ya auna mutum yana durƙushe da waya a aljihu da hula a hammata, ya ɗinka riga ta bi kowace lanƙwasa ta wannan durƙuson, in ka duba a lokacin za ka rantse ba a taɓa ɗinki mai kyau irin wannan ba, amma ranar sallah da mutumin ya miƙe tsaye rigar ba za ta shiga ba balle ƙaninsa ya ara. Mu rigar da za ta shiga yaran da ba su shiga fom ɗinmu ba muke nema, yaran bana da na baɗi.

Na biyu, wannan lambar p da aka yi ta nanatawa, wai ta gota ta yi ƙasa da 0.05 don haka an tabbatar. Baba, lambar p ba ta cewa labarinka gaskiya ne kashi 95 cikin 100, ko kusa. Abin da take cewa kawai, in da a ce babu wata alaƙa sam, sau nawa za a ga bambanci irin wannan ko wanda ya fi shi ta hanyar dace. Kuma in ka gwada abu 20 da ba ruwansu da ciwon, kowanne da wannan ƙa'ida ta 0.05, damar aƙalla ɗaya ya fito kamar mai laifi ta kai wajen kashi 64 cikin 100. Wannan ba ra'ayina bane, lissafi ne da kowa zai iya bugawa a kalkuletar wayarsa. Har ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka sai da ta fitar da sanarwa a 2016 tana jan kunnen mutane kan yanke hukunci da lambar p ita kaɗai. Mun tambaya model nawa aka gwada kafin a tsaya kan wannan, ba a bamu amsa ba.

Na uku shi ya fi ci min rai. Akwai wani gidan haya da na shiga can ƙasan layi, wata uwa ta ba ni kujera 'yar tsugunne, ina karanta mata tambayoyin tana amsawa tana tuƙa tuwo, da na gama na rufe fom sai ta ce in zo in gani. Ta kai ni bayan ɗaki ta ɗaga faifan da aka rufe durom da shi, ruwan ya kusa ƙarewa, can ƙasa ya yi wani duhu, ga wani kofin roba ja yana iyo a ciki, kuma ina tsaye wani yaro da bai fi shekara huɗu ba ya shigo daga wasa da ƙasa a hannu ya zura hannun har gwiwa ya kamo kofin ya sha ya mayar. Ta ce min kwana biyar kenan famfo bai kawo ba, piya wota kuma ba za ta iya saya wa yara shida kullum ba, na sha take saya wa jaririn sauran kuwa durom. Sannan ta ce duk tambayoyina a kan gota suke, ba wanda ya tambaye ta kwana nawa ruwa ke yi a ajiye. Gaskiyarta, babu wannan tambayar a fom. Na rubuta a gefen takarda da biro, 'yan uwana ma da yawa sun rubuto irin haka, amma da aka zo shigar da bayanai a kwamfuta babu gurbin rubutun gefe. To model ɗin da ba a ba shi abin da zai yi magana da shi ba, ta yaya za a ce ya faɗi jarrabawa?

Yanzu ga abin da muke cewa a yi amfani da shi, kuma ku yi min haƙuri in ɗan ja shi, don ba ma so ku karɓa don mun faɗa. Hanyar sunanta hanyar Bayes, daga Thomas Bayes, wani malamin coci a Ingila da ya rasu a 1761, abokinsa Richard Price ne ya fitar da rubutun a 1763, daga baya Laplace na Faransa ya faɗaɗa ta, sannan Harold Jeffreys na Kambirij ya tsara yadda za a auna labari biyu da ita a littafinsa na 1939. Da irin wannan awon hujja Alan Turing da abokan aikinsa suka yi aiki wajen warware saƙonnin sirrin Jamus a yaƙin duniya na biyu. Wato ba sabon yayi bane da yara suka gani a intanet.

Tsarin shi ne, kafin a buɗe bayanai kowane labari sai ya faɗi abin da yake tsammanin za a gani, wannan shi ake kira zaton farko (na san Malam Liman zai ce zato zunubi, to ba irin wancan zaton bane, wannan a rubuce ake yinsa a gaban kowa). Sannan a buɗe bayanai a ga wane labari ne ya fi ba abin da ya faru nauyi tun kafin ya faru. Rabon wannan da wancan shi ne ma'aunin Bayes.

Bari in kawo misali da lambobin da na ƙirƙira don bayani kawai, ba na bincikenmu bane. A ce rabin yaran unguwa a bakin gota suke, rabi a nesa. Aka samu yara 10 da gudawa, 7 daga cikinsu 'yan bakin gota ne. Kowa zai ce ai shikenan, gani ya kori ji. To mu auna. Labari na ɗaya ya ce ba ruwan gota, kowane yaro mai ciwo kamar jefa kwabo ne, ko bakin gota ko nesa, a wannan labarin damar a samu 7 cikin 10 ita ce 120 cikin 1,024, wajen kashi 12 cikin 100 kenan. Labari na biyu ya ce akwai alaƙa amma bai san ƙarfinta ba, komai na iya faruwa daga 0 har 10. Wannan labarin ya zama kamar mai rago ɗaya na layya da ya ce sai ya raba wa gida 11 daidai wa daida, kowane gida ɗan tsoka zai samu, 1 cikin 11, wajen kashi 9 cikin 100. In ka raba 12 da 9 za ka samu kusan 1.3, kuma abin mamakin, ɗan rinjayen yana wajen labarin da ya ce ba ruwan gota. Amma da za a bi hanyar da aka bi a rahotonku, a bar labari na biyu ya leƙa amsa tukuna sannan ya ce ai dama kashi 70 nake nufi, sai ya samu wajen kashi 27, ya ninka na ɗaya sau biyu da ɗoriya, a tafa masa. Wannan shi ne bokan da ke jira a haihu sannan ya ce ai na faɗa.

Kun ga inda kyawun hanyar yake, ita da kanta take cin tarar labarin da ya ce komai na iya faruwa, ba sai wani ya zo ya yanke masa hukunci ba. Model mai kaya da yawa raba ragonsa yake wa gidaje da yawa, in bai zo da hujjar da za ta biya wannan rabon ba sai ya faɗi. Kuma ba wai tana gaba da gota bane. In da 9 cikin 10 aka samu, ma'aunin zai juya ya koma wajen 9 a ɓangaren labarin gota. In kuma yara 100 ne aka samu 70 a bakin gota, kashi 70 ɗin nan dai da muka fara da shi, ma'aunin zai haura 400. Robert Kass da Adrian Raftery a 1995 sun ba da mizanin da ake yawan bi, daga 1 zuwa 3 bai kai a ɗaga murya a kai ba, 3 zuwa 20 akwai hujja, 20 zuwa 150 hujja mai ƙarfi, sama da haka kuwa mai ƙarfi ƙwarai. Abin da muke so mu sani kenan, rahotonmu a wane mataki yake, a 1.3 yake ko a 400? Don in a 1.3 yake, kuma tun farko ba a fifita kowa ba, ma'anarsa kashi 56 da kashi 44 ne, kuma ba mai hankalin da zai zuba duk jarinsa a kan 56 da 44.

Ba zan ɓoye muku aibinta ba, don na san masanin zai kawo shi kuma yana da gaskiya. Ma'aunin Bayes yana jin zaton farko sosai. A misalin nan nawa, in labari na biyu ya ce shi dai ya san gota ba za ta taɓa rage ciwo ba sai dai ta ƙara, ya tattara ragonsa a ɓangare ɗaya, to 7 cikin 10 ɗin nan zai samu wajen kashi 16, ma'aunin ya juya ya zama kusan 1.4 a ɓangarensa. Bayanai ba su canza ba, zato ne ya canza, amsa ta juya. Dennis Lindley ya nuna irin wannan matsala tun 1957, in ka buɗe zaton farko ya yi faɗi da yawa sai ma'aunin ya riƙa goyon bayan labarin da ya ce ba komai ko da akwai komai. Maganinsa ba a gudu bane, a gwada zato iri-iri a fili, in amsa ta tsaya a wuri ɗaya to ta tsaya, in tana rawa sai a ce wa dattawa gaskiya bayananmu ba su isa yanke hukunci ba. Ku lura ma, 1.3 can da 1.4 nan duk abu ɗaya suke faɗa, yara 10 sun yi kaɗan. Ita tsohuwar hanyar ma akwai zato a cikinta, lokacin da aka zauna aka ce wannan tambaya ta shiga fom wannan kar ta shiga ai zato aka yi, bambancin kawai ba a rubuta shi ba.

Akwai kuma wani abu da ko ma'aunin Bayes ba zai iya shi kaɗai ba. A Landan, bayan kwalarar 1848 da 1849, William Farr, babban mai ƙididdigar gwamnati, ya gano cewa duk unguwar da ta fi gangarawa kusa da kogin Tems ta fi yawan mutuwa, lissafinsa ya zauna daram, ya ɗauka gurɓatacciyar iska ce da ke taruwa a kwari. Likita John Snow ya ce ruwan sha ne. Matsalar ita ce mutanen kwarin su ne dai masu shan ruwa mafi muni, don haka labaran biyu kusan abu ɗaya suke hasashe. Abin da Snow ya yi a 1854, banda famfon titin Broad da ya sa aka cire masa hannu, ya je ya nemo unguwannin da kamfanin ruwa biyu ke shayarwa a layi ɗaya, maƙwabta suna shaƙar iska ɗaya amma wannan gidan ruwansa daga sama da gari ake jawo shi wancan kuma daga inda ƙazantar gari ke zuba, ya bi gida-gida yana tambaya kamar yadda muka yi, sai bambancin ya fito fili. Shi kansa Farr bayan annobar 1866 ya dawo ya yarda da zancen ruwa. To Baba ku duba unguwarmu, su wa ke zaune a bakin gota? Ba masu ƙaramin ƙarfi bane, waɗanda hayar can ce suke iya biya, waɗanda ba su da tanki ba su da famfo a gida? Gota da mugun ruwa gida ɗaya suke kwana, in ba a nemo gidajen da suka rabu ba, wanda ke bakin gota amma yana da ruwa mai kyau da wanda ke nesa amma durom yake sha, to lissafi ko na waye ba zai iya raba laifin ba.

In an yi kuskure a nan ba takarda ce za ta ji jiki ba. Kuɗin sau ɗaya ne, in aka zuba aka dawo baɗi yara na gudawa kamar jiya, masu tallafin za su ce an gwada a Zango bai yi ba, su tafi wani wuri. Iyaye mata za su ci gaba da goya yaro cikin dare ana neman tasi zuwa asibiti, a rasa kasuwar kwana uku, mai waakye ta rufe tukunya mai ɗinki ta rufe keke. Wanda ya ga kwalarar 2014, da ta kama mutum sama da 28,000 a Ghana kuma Akra ce ta fi jin jiki, ya san abin da ruwa mara kyau ke iya yi cikin mako ɗaya. Mu kuma da muka shiga gidajen mutane muka yi musu alkawarin maganarsu za ta isa gabanku, gobe in muka koma da wani fom da wane ido za mu kalle su.

Saboda haka muna roƙonku, da girman Allah da girmanku, a dakatar da sa hannu kan kwangilar aikin gota na ɗan lokaci, ba a soke ba, a dakatar. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A ba mu bayanan da muka tattaro da hannunmu, a cire sunaye da lambar gida da lambar waya kamar yadda dokar kare bayanai ta 2012 ta tanada, tare da takardun asali don mu kwashe rubutun gefen. Kuma masanin ya faɗa a rubuce model nawa ya gwada, wanne ya jefar, don me. Ba tozarta shi muke nema ba, ya zauna da mu ma mun fi so, wataƙila yana da dalilin da bai samu lokacin faɗa ba.

A sake awon, labaran uku kowanne a ba shi kayan aikinsa daidai, a fitar da ma'aunin Bayes a tsakaninsu da zato iri-iri. A haɗa da wani ma'aunin da ake kira BIC na Gideon Schwarz na 1978, wanda ke cin tarar kowane abu da aka ƙara wa model kuma tarar na ƙaruwa da yawan bayanai, a gida 100 kowane ƙarin abu tararsa wajen 4.6 ce, a makamancinsa AIC na Akaike ɗan Japan kuwa 2 ce kullum, in su biyun sun saɓa a faɗa mana. Sannan a yi gwajin da ni na fi yarda da shi, a ɓoye gida ɗaya a koyar da model da sauran, a ce ya faɗi abin da ke gidan da aka ɓoye, a yi ta haka har a zagaye duka. Irin abin da malaminmu na allo ke yi ne, ya sa a wanke allon sannan ya ce kawo da ka, nan ake gane wanda ya haddace da wanda ke leƙe. Duk wannan ba sai an sayi komai ba, manhajojin kwamfuta irin su R da Stan da JASP kyauta ne, karatun kawai suke so.

Zaton farkon kuma kar mu 'yan boko mu zauna mu kaɗai mu rubuta shi. A kira Hajiya Magajiya da mata, a kira nas-nas ɗinmu da masu sayar da ruwa da masu kula da bayan gidan haya, a tambaye su wane wata ciwon ya fi yawa, da damina ne ko lokacin da famfo ya ɗauke, a duba abin da ƙidayar 2021 ta Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta tattara kan ruwan sha da bayan gida a yankinmu. Wannan ilimin yana da gurbi a lissafin Bayes, kuma shi ne abin da ya fi burge ni da ita tun ina aji.

In an auna ba wanda ya yi rinjaye mai ƙarfi, kar a tilasta zaɓen ɗaya. Akwai hanyar haɗa model-model a ba kowanne nauyi gwargwadon hujjarsa, kuɗin ma ana iya raba shi, wani kaso gota wani kaso bokiti mai murfi da kan famfo da maganin tace ruwa, a ware ɗan kaɗan mu koma gidajen da labaran suka saɓa mu ƙaro bayani. Kuma a nemi wani daga waje da ba ruwansa da mu ba ruwansa da masanin ya duba aikin duka, ga Jami'ar Ghana da ke Legon nan kusa akwai sashen ƙididdiga akwai makarantar lafiyar al'umma, ko a aika jami'ar KNUST da ke Kumasi.

Zan faɗi wannan a gaban kowa don kar gobe a ce na canza baki, ni a raina na fi karkata ga zancen ruwa, saboda durom ɗin nan da jan kofin ba su fita daga idona ba. Amma gida ɗaya ne na gani, kuma na san ido na ruɗi. In aka auna yadda muka roƙa ma'aunin ya faɗi a kan gota da ƙarfi, ni zan fara ɗaukar shebur ranar aikin gayya, kuma zan sake rubuta wata wasiƙar a nan in ce masanin ne da gaskiya.

Mun shirya zuwa duk ranar da kuka sa, bayan la'asar ko bayan isha'i, minti 40 ya ishe mu. Za mu zo da allo da alli mu yi misalin yara 10 ɗin nan a gabanku da Hausa, wanda ke da tambaya ya yi. Sai dai laftof ɗina tsohuwa ce batirinta ba ya kai awa ɗaya, don Allah a sa mu kusa da soket, in kuma an ɗauke wuta Baba Alhaji ya ara mana janareto na masallaci, mu za mu zuba mai.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya ba yaranmu lafiya.

Ɗanku,
a madadin samari da 'yan matan da suka zaga da fom a Nima da Mamobi.